Gayyar Rufin Coci

Asabar da dare, farkon damina

Yau na sha haushi. Tun ranar Lahadi na sanar cewa yau za mu yi gayyar gyaran rufin coci. Jiya da dare sai aka tafka ruwan shuka. Da safe na tsaya da kwanon rufi da ƙusoshi, ni kaɗai kamar mai gadi. Ko 'yan kwaya ba su leƙo ba, kowa ya ɗau iri ya yi gona.

Da yamma na je gidan Baba Ɗanjuma, dattijon ikilisiya, ina huci. Na ce mutanen nan sun fifita gero a kan ɗakin Ubangiji. Yana wanke ƙafa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Fasto, wa ka tambaya kafin ka sa rana? Danshin ƙasa ba ya jiran kowa. Da ka biyo mu gona ka riƙe mana ƙwaryar iri, da ranar Litinin ka rasa inda za ka sa mutane."

Wa'azin gobe tuni na rubuta shi, a kan masu taurin kai. Ga shi nan a gabana, kuma kowane layi da ni yake.