Kujerar Da Na Kwaɗa Wa Anselmo

Amarillo, 10 ga Maris, 1974

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Inna Chayo?

Wasiƙarki ta iso. Kin ce kin ga hotona a jarida ina kwaɗa wa ƙanena Anselmo kujera, har kin cire ni daga addu'arki. Mama, ki mayar da ni. Ba mu yi faɗa ba. Kokawar nan shiri ce, kamar wasan kwaikwayo.

Shekara biyu muna riƙe da kambun kokawar 'yan bibbiyu na yankin nan. Mai shirya wasa ya ce lokacin wasu ya yi, kuma a nan ba a sakin kambu sai da rigima, dole wa ya ci amanar ƙani. Gaskiya wuyan Anselmo ya daɗe yana ciwo, mun ɓoye miki. Kujerar ce ta ba shi dalilin hutawa. Jiya likita ya ce ƙashin lafiya lau. Sai yanzu hankalina ya kwanta.

Ni dai gari ya tsane ni. Wata tsohuwa ta soka mini allura a cinya, amma wurin ya warke. Ba a yarda a gan mu tare ba, shi ya sa ran Lahadi Anselmo yake zuwa gidana kwance a bayan mota, lulluɓe da bargo, ya cinye mini wake. Ga shi nan yana cewa, "Gaya mata ko dukan ma bai iya ba."

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki aiko mana da busasshen barkono. Kada ki faɗa wa kowa, ko Fada a coci. Idan maƙwabta suna zagina, ki taya su.

Ɗanki,
Eusebio