Hoton Ƙirjin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya tarin Baba?

Albishirinki! Manhajar da na haɗa ta fara aiki a asibitin jami'armu. Likita zai ba ta hoton ƙirjin mara lafiya, ta zaƙulo masu kama da shi cikin tsofaffin hotuna, har da cutar da aka gano. Jiya ta kamo abin da ido ya tsallake a huhun wata tsohuwa! Don murna har na kifar da shayina, kuma shi ne abincin ranar, amma kar Inna ta ji.

Ki lallaɓa ki zaro hoton da Baba ya ɓoye ƙarƙashin katifa, ki turo min. Ba zan duba iyayen wasu in bar nawa ba.

Autanku