Kibiyar Madam ta share albasar Kawu

Malanbil, daren Laraba

Yau ina ji ina gani aikina ya tahi. Bayan la'asar na buɗe fishiye a kwamfuta, wato shahin intanet mai zanen aplikasiyon na waya da nike gina wa manoman Garu. Sai ga 'yar kibiyar Madam, mai zanenmu ta Kutonu, wadda ke nuna inda take taɓawa daga kwamfutarta, tana yawo kan shahin farko. Ni izinin kallo kaɗai aka ba ni, ko ɗigo ban iya taɓawa.

Ta kai kan babban buton, wurin dannawa mai hoton albasa, ta share. Na shinkafa ma haka. Ta jera ƙananan rubutun Faransanci, toka-toka, sirara kamar ƙahwar sauro. Na buga mata waya ba ta ɗauka ba, ga kibiyarta kuwa tana ta aiki. Can ta rubuto saƙon mai kamfaninmu: “Patron ya ce hotunan sun yi ƙauyanci. Ka bi sabon zane.”

Ƙauyanci. To ai don mutanen ƙauyen aka hwara abin.

Kawu Idrisa bai yi boko ba. Ranar kasuwa na miƙa mishi wayata, ya danna albasar nan da babban yatsa, kuɗin buhu ya hito. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ashe wagga ta san ni.” Har ya baza wa mutanensu labari.

Ni aikina in gina abin da aka zana, in na ƙiya a ba wani. Jibi Kawu zai zo bisa moto da mutanen Garu su gani. Zai amshi wayar, ya juya ta, ya ce, “Ina albasata?”