Gahawar Ngah a Hanyar Temajuk

Paloh, ranar Litinin

Ƙanena Sabran,

Assalamu alaikum. Ngah, sunanka na gida, ina gaishe ka, a gaishe min da matarka Norlia da yara. Direban bas ɗin Sambas zai kawo maka wannan takarda, don waya ba ta kamawa a nan.

Ina raye, motar ma tana raye, sai ka gaya wa mai sayen da ka samo ya haɗiye yawunsa. Da hannuna na tuƙa ta tun daga ƙofar gidanka, na hau da ita jirgin fito a Sekura ban jefa kowa a kogi ba. Ma'aikacin jirgin ya leƙo ya ga ni da aminiyata Jubaidah mai kifi, ya ce, "Mama, ina direbanku?" Jubaidah ta ce, "Ya tafi haihuwa. Matsa, ɗan nan, kafin ta taka ka."

Da yamma mun ga biran nan masu dogon hanci a kan itatuwan bakin kogi. Babbansu ya zauna da tumbi yana harararmu, Jubaidah ta rantse shi ma tsohon hedimasta ne kamarka.

Shekara talatin mijina Marzuki, Allah ya jiƙansa, yana cewa zai kai ni Temajuk in ga inda ƙasa ta ƙare. Ya tafi ya bar min jif ɗin da alkawarin. Kai kuma ka ce in sayar da ita, in rufe gidana, in koma ɗakin bayanka. To ga tawa: in na kai Temajuk na dawo, wannan magana ta mutu.

Yayarka,
Hamsiah

Sambas, ranar Talata

Zuwa ga babbar yayata, Kak Long Hamsiah,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, takardarki ta iso.

Na farko, tuƙin wata takwas bai kai a kira shi tuƙi ba. Na biyu, bayan Paloh babu kwalta, rairayi ne da teku. Na uku, kuma shi ne ya hana ni cin abinci: da za ki tashi na fito miki da gahawa, kika ja mota ba ki ko taɓa kofin ba. Tun muna yara mahaifiyarmu ta hore mu, wanda aka miƙa wa abin ci ko sha yana bakin tafiya, ko ba zai sha ba sai ya taɓa da yatsa. In ya ƙi, masifar da ake kira kemponan na biye da shi har sai wani abu ya same shi, gahawa kuwa ta fi komai haɗari. Kin fi ni sanin haka.

Ki juyo, Kak Long. Ki taɓa kofin, sannan mu zauna mu yi magana.

Ƙaninki mai biyayya,
Sabran

Paloh, ranar Alhamis

Ngah,

Ina gaishe ka. Mai biyayya, in ji wa?

Ni za ka yi wa wayo, ni da na goye ka? Ka tsaya can saman matakala da kofi, ka ƙi saukowa. Da na fito daga motar nan, da makullin yana aljihunka kafin yatsana ya kai kofin. Na ga tarkon, na wuce.

Amma ba zan ɓoye maka ba, jiya da ƙyar muka sha. Mun bi ta bakin teku da safe bayan ruwa ya janye, itatuwa a dama, teku shuɗi a hagu, ba mutum ko ɗaya. Na tsaya don mu ga sawun kunkurun teku da ta fito ta yi ƙwai ta koma, faɗinsa kamar an ja tabarma. Da na zo tashi, tayoyin baya suka nutse. Ruwa kuwa ya fara dawowa. Jubaidah ta ɗora hannu a ka: "Kemponan! Hamsiah, kin kashe mu a kan gahawar da ko daɗi ba ta da shi!" Na ce, "Rufe min baki ki kwaso ganyen kwakwa."

Na tuna abin da Marzuki yake yi. Na rage iskar tayoyin, muka shimfiɗa ganyen a gabansu, na ja a hankali. Motar ta fito ruwa yana lasar ƙafar Jubaidah. Na zauna a bayan sitiyari na yi kuka, na yi dariya, ban taɓa jin daɗin kaina irin haka ba.

Masunta sun ce ranar Asabar ruwa zai janye sosai da hantsi. Ranar zan ƙarasa. Ba zan juyo ba.

A gaida Norlia,
Hamsiah

Sambas, ranar Juma'a

Kak Long,

Assalamu alaikum. Gaskiyarki, makullin nake nema. Na ji kunya.

Tare da wannan takarda akwai ƙunshi. Kofin ne. Na hana Norlia wanke shi, gahawar ta bushe a gindinsa. Ban ce ki dawo ba. Ki taɓa, ki wuce. Mai sayen motar kuma na sallame shi.

Akwai abin da nake ɗauke da shi shekara uku ban iya gaya miki ba. Ranar da Marzuki ya faɗi a kasuwar Tebas, ni na zo ɗaukarsa. Kin ajiye masa gahawa a baranda, na gani, amma na yi ta danna masa oda don kada mu rasa jirgin fito. Ya taso bai sha ba. Kafin azahar ya rasu. Likita ya ce zuciya ce, ni kuwa kullum kofin nan nake gani. Ni na raba shi da shi, sannan na zo na ɗana miki irinsa da hannuna. Idan wani abu ya same ki, ban san inda zan sa kaina ba.

Ki yafe ni. Allah ya kai ki lafiya.

Sabran

Temajuk, ranar Lahadi

Ngah, ƙanena,

Wa alaikumus salam. Mun iso jiya kafin la'asar. Duwatsu ne manya a cikin ruwa, da mikiya tana shawagi, daga nan kuma ba sauran hanya. Na yi wa Marzuki addu'a a wurin.

Kofinka ya same ni kafin mu tashi. Na taɓa, na kai yatsan baki. Har a bushe sukarinka ya yi yawa.

Yanzu ka saurare ni, shashasha. Ranar nan ina tsaye a bakin ƙofa. Kai kana cikin mota, ba ka gani ba. Marzuki ya ɗauki hularsa, ya sa yatsa biyu ya taɓa kofin, ya kai bakinsa, ya yi min murmushi, sannan ya sauka. Ya taɓa, Ngah. Da idona na gani. Kwanansa ne ya ƙare, ba odarka ba. Da ka buɗe baki ka tambaye ni, da ba ka yi shekara uku kana dakon abin da ba naka ba.

Laraba zan iso. Ka dafa sabuwa, ka sauko min da ita har bakin mota.

Yayarka,
Hamsiah