Sa Hannun da Ka Ɗaga Saboda Asabar

Kasabalanka, 14 ga Maris, 1942

Zuwa ga yayana Amram, a Karakas,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Sol da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma gasa burodin Juma'a da kanta. Ɗalibaina sun kai arba'in da biyu, benci ba ya isa.

Bayan haka, wasiƙarka ta iso, sau uku na karanta ta don na kasa yarda kai ka rubuta. Wata bakwai ke nan Gitel, wadda ta gudo daga birnin Biyana na Turai bayan an kama mijinta an tafi da shi don shi Bayahude ne kamarmu, tana kwana a tsohon ɗakinka ita da 'yarta Perla. Abu ɗaya ya rage su hau jirgin ruwa zuwa wurinku: takardar da za ka sa wa hannu cewa kai ne mai masaukinsu. Sai ga shi ka ce ofishin shige da fice ya sa maka ran Asabar, kai kuma ba ka riƙe alƙalami ran Asabar tunda addininmu ya hana aiki a ranar, ka roƙa a ɗaga zuwa wata mai zuwa. Haba Yaya! Izinin zamansu a nan ƙarshen Afrilu zai ƙare. Daga nan sai sansanin da ake tsare baƙi, kuma ka san daga ina suka gudo.

Inna ta ce in tambaye ka, ko ƙetare teku ne ya sa ka fi Baba ilimi. Ka manta ran Asabar ɗin da ya hura wuta da hannunsa don maƙwabciyarmu tana naƙuda? Shi ya koya mana cewa idan rai na cikin haɗari, Asabar kan ba da hanya, kuma wanda ya fi sani shi ke fara karya ta. Perla tana ajina, shekararta tara. Jiya ta nuna mini Karakas a taswira ba tare da na taya ta ba, ta tambaye ni ko kai, da take kira kawunta, ka sa hannu. Na kasa duban idonta.

Ka koma ofishin nan da zarar ka karanta wannan. Ko wace rana suka ba ka, ka karɓa.

Ka gaida Sol, da Mesod, da auta Hanina. Inna tana sa muku albarka, amma ta ce taka sai takarda ta iso.

Ka duba kwanan watan da ke sama. Yau Asabar ce, kuma da hannuna na rubuta.

Ƙanwarka,
Fareha