Zuwa Ga Dije, A Kan Motar Da Na Ce Ta Ƙi Tashi

Assalamu alaikum, ya ke ma'abociyar wannan kabari, matata Hadiza. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya yalwata miki makwanci, ina sanar da ke cewa da hannuna nake rubuta wannan takarda. Ajin yamma na manya da kike mini dariya a kansa, kina cewa furfura ta shiga firamare, ga amfaninsa yau.

Albishirinki, Dije. 'Yarmu Rabi ta sauka lafiya, mace, bayan shekara shida muna roƙon Allah. Da yake ba kya nan, a ƙauyenku na bayan Mai'adua ta yi goyon ciki, wajen ƙanwarki Talatu. Ranar da aka bugo mini waya sai da na fita ƙofar gida da takalmi ƙafa ɗaya, ina gaya wa duk wanda ya gifta, har da Bafulatanar da ke kawo nono. An sa mata sunanki. Ummi ake kiranta, ni kuwa na ce na yi sabuwar amarya, kuma wannan ba za ta hana ni cin goro ba.

Saboda ranar suna na yaye tamfol daga kan shuɗiyar motar nan da kike kira 'yar gatan Malam. Tun rasuwarki, shekara uku, ban kula ta ba. Rana ta cinye fentin, ya koɗe ya koma kamar toka, in ka shafa sai tafin hannunka ya yi fari. Na je wajen Sale mai fenti da niyyar a sake mata sabo, ya lakato da yatsa ya ce in bar kuɗina, shuɗin yana nan a ƙasa, mataccen saman kawai zan cire. Ya ba ni man gogewa mai ɗan kaushi da gwangwanin folish, ya ce a inuwa, kuma kada garin sabulu ya taɓa ta.

Kwana huɗu na yi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. In wanke, in bari ta bushe, in lakaci man da tsohuwar singileti ina murzawa a zagaye, faɗin tafin hannu ɗaya kafin in matsa gaba. Tsumman ya riƙa fitowa da dauɗa, kafaɗata tana ƙara, amma shuɗin ya riƙa leƙowa kamar sama bayan ruwa. Na bi da folish, ya bushe ya yi hazo, na goge da ƙyalle mai laushi. Sai ga fuskata a jikin ƙofar direba.

A rana ta huɗu na buɗe bonet don in ɗaura sabon batir. Da na kama kan wayar batir ɗin nan, sai hannuna ya tsaya. Abin da ya sa nake rubuto miki ke nan, kuma shi ya sa na yarda wasu su karanta.

Kin tuna daminar da ake ta zumuɗin Shari'a, kowa yana gyara gemu, ana zuwa wa'azi gari-gari? An zaɓi motata ta ɗauki malaman unguwarmu zuwa wani babban taro a Katsina. Yini guda na yi ina goge ta, tana ɗaukar ido. Bayan la'asar aka aiko daga ƙauye cewa jikin Inna, mahaifiyarki, ya tsananta, tana kiran sunanki. Kika fito da mayafi a karkace, ɗaurin kayanki a hannu, kika ce, “Malam, taimaka mini.”

Na san hanyar. Daga Mai'adua in aka sauka kwalta, jan taɓo ne har gindin ƙofa, ga kwatami, ga ƙayar da ke karce fenti. Na ce ki shiga ciki ki shirya Rabi. Kina juya baya na ɗauki sifana na sassauta kan batir. Da kika dawo na murɗa makulli sau uku a gabanki, na girgiza kai, na ce ta ƙi tashi. Har da cewa haka Allah Ya so.

Hadari ya taso, babu ɗan acaɓar da ya yarda ya bi hanyar da yammacin nan. Da sassafe kika hau mashin da Rabi a tsakiya. Kin tarar an dawo daga maƙabarta. Ni kuwa a lokacin ina kan hanyar Katsina, mota tana sheƙi, malamai suna yaba ta, ina ta cewa amin.

Shekara goma sha uku muka ƙara yi tare bayan wannan. Ba ki taɓa tayar da maganar ba. Duk ranar Juma'a ke kike ajiye mini bokitin ruwan wankin mota a zaure, kina cewa, “Ga na 'yar gata, kada ta yi fushi.” Sau nawa na buɗe baki in faɗa miki, sai in ce bari sai bayan salla, bari sai kin warke. Ko a asibiti da kika ce in yafe miki, na ce na yafe, ke ma ki yafe mini, kika ce kin yafe. Amma ban faɗi abin da za a yafe ba, don haka ban taɓa jin yafiyar nan ta zauna mini ba.

Ranar suna an kwana ana ruwa. Makwabta suka ce in bar motar a Mai'adua mu ƙarasa a mashin, kada wahalar kwana huɗu ta tafi a banza. Na cika ta da matan unguwa, ragon suna a but ɗin baya, na saki kwalta. Sau biyu muka kafe, samarin gona suka tura mu. Ƙaya ta zana mata layi daga fitila har wutsiya. Ina tuƙi ina lissafin tafiyar: ko awa ɗaya ba mu yi ba, Dije. Ko awa ɗaya.

Bayan an raɗa suna an watse, na kira Rabi da Talatu ɗakin da Inna ta cika, na gaya musu komai. Rabi ta sunkuyar da kai tana kuka. Talatu ta dube ni ta ce kin gaya mata tun ranar zaman makoki. Wai kin dawo ɗaukar takalmin Rabi a zaure, kin hango ni da sifana. Kuma kin ce mata kada ta faɗa wa kowa, ko Babanku, don kada a raina mijinki a gidanku.

Ashe duk bokitin nan da kike ajiyewa, kin sani. Ashe ranar da kika ce kin yafe, kin san abin da kike yafewa, ni ne ban sani ba.

Da zan tafi Rabi ta biyo ni har bakin mota, ta ɗora mini Ummi a hannu, ta ce in sun yi arba'in in zo da kaina in ɗauke su. Na ce ko ana ruwan ƙanƙara zan zo.

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya, jan taɓon ƙauyenku ya bushe a jikinta har rufi. Sale ya wuce jiya ya riƙe baki. Na ce masa zan wanke, amma ba yanzu ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa Hadiza, Ka haɗa ta da mahaifiyarta a inda babu hanyar da za ta raba su. Ka gafarta mini ƙaryar da na jingina da sunanKa. Ka raya Ummi, Ka ba ta halin mai sunanta, Ka ba ta mijin da ya fi kakanta.

Ni ne mijinki, wanda ya makara a karatu, ya makara a magana,

Malam.