Kwabon da ke Ƙarƙashin Faranti

Montevideo, 2 ga Yuli.

Yaya Heber,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kai da Ingrid da yara, Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali a can Suwidin. Mu nan sanyi ya matsa mana, amma da sauƙi. Baba yana cin abinci, yana takawa har bakin ruwa, mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Tun rasuwar Mama, kowace safiya sai ya tambaya ina matarsa Nélida take. Sau biyu muka gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Daga nan likita ta ce mu bari. Yanzu cewa muke ta tafi garin Salto wajen Inna Pocha.

Abin da ya sa na rubuto ya faru ne ranar ashirin da tara ga watan jiya. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, sai ga shi ya sa kwat ɗinsa, wai yau ranar cin ñoquis ce, 'yan dunƙulen dankali da fulawa da ake ci duk ashirin da tara ga wata, Mama za ta same mu a gidan wasan Perla. Ka tuna wurin, ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene, inda gwiwarka ke gugar ta maƙwabci, inda ɗan fansho zai ci ya sha dariya aljihunsa bai koka ba. Na yi ta kawo dalilai, ya kafe. Tsorona bakin Perla ne. Ka san ba ta ƙyale kowa, kuma babu wanda ya kai mata labarin rasuwar.

Muka je wasan la'asar. Baba ya sa aka kawo faranti uku. Perla ta fito da jar rigarta da gashin jimina a ka, ta tsufa sosai amma bakin yana nan. Ta bi tebur-tebur tana tsiya, ta ce wa wani mai sanƙo ya sunkuya don yana kashe mata ido. Da ta iso kanmu ta riƙe ƙugu ta ce, “Aníbal, tsohon banza, ina ka jefar da matar? Ko ta gaji da kai ne?” Na girgiza mata kai a hankali. Ta dubi kujerar da babu kowa, ta dubi gyalen Mama a wuyana, ta gane. Sai ta juya ta shaida wa jama'a cewa Nélida ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba, don haka za a yi ta waƙa har ta iso. Ta rera tango ɗin nan da Mama ke so. Muryarta ta karye a tsakiya, mutane suka ɗauka salon wasa ne, suka yi ta tafi.

Ka san al'adar sa kwabo a ƙarƙashin faranti don sa'ar sabon wata, kuma ka san tun muna yara a ƙarƙashin na Mama yake sa nasa. Ya ciro kwabon, ya daɗe yana kallon abincin Mama yana hucewa. Sai ya ɗaga farantina ya tura shi. Na ce masa ya yi kuskure, na Mama ga shi can. Ya dafa hannuna ya ce, “Ban yi kuskure ba, Zulema. Uwarki ta gama da neman sa'a. Ke ce da saura.”

Kafin mu kai tashar bas kuma yana tambayata ko Mama ta bugo waya daga Salto. Yaya, ban san me ya sani ba, ban san wa ke lallashin wani tsakanina da shi ba, kuma na gaji da ɗaukar wannan ni kaɗai. Har yanzu yana kiran sunanka daidai, amma ban yi maka alkawarin baɗi ba. Ka zo kafin ashirin da tara ga watan nan. Zai sake cewa a kawo faranti uku, ina so a samu mai cin na ukun.

Ka gaishe da Ingrid, ka shafa mini kan Matías da Elsa. Inna Pocha da mijina Walter suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Zulema